Bature Ba Ɗaya Ba Ne: Yadda Ingilishi Ke Kallon Kansu Da Sauran Jama'a

  Da kwamitin mujallarmu ya aiko mini cewa bana ni zan cike shafin tarihi, na daɗe ina juya abin a raina kafin in tsai da magana. Abu biyu suka sa na zaɓi wannan batu. Ɗaya ya faru muna aji uku, ɗayan kuwa bara a tsakar gidana.

'Yan ajinmu za su tuna Baturen nan mai jan gemu da ya koya mana labarin ƙasa. Wata rana yana raba mana takardun jarrabawa, sai ɗayanmu ya miƙe ya tambaye shi ko a garinsu can Ingila ana hunturu irin namu. Ai kuwa sai fuskar malam ta yi jajir kamar gauta. Ya ajiye takardun, ya ɗauki rula, ya nufi taswirar da ke rataye a bango, ya ƙwanƙwasa saman tsibirin nan har sau uku, ya ce shi ba mutumin Ingila ba ne, ubansa ba mutumin Ingila ba ne, haka ma kakansa. Shi ɗan Sikotlan ne. Da aka tashi tara muka yi ta ƙyaƙyata dariya. Muka ce ga farar fata, ga Turanci, ga Sarauniya ɗaya, to ina abin fushi? Bature ai Bature ne.

Abu na biyu, jikata da aka haifa a Bamingham, inda ubanta ke aiki, ta zo mana hutu bara. Muna zaune bayan magariba sai ta ce, "Kaka, wai ni 'yar Ingila ce?" Na ce, "Amarya, me ya kawo wannan tambaya? Ba can aka yanke miki cibi ba?" Ta ce wata 'yar ajinsu ce ta gaya mata cewa ita dai 'yar Birtaniya ce tunda tana da fasfo, amma ba za ta taɓa zama 'yar Ingila ba. Na buɗe baki na rasa abin faɗa, na ce ta bari in yi nazari. To, ga abin da nazarin ya haifar.

Ingila Da Birtaniya

Mu fara da raba sunayen, don a nan muka yi tuntuɓe a aji uku. Babban tsibirin yana ɗauke da ƙasa uku: Ingila, Sikotlan da Wels. Idan aka haɗa su da Ailan ta Arewa, an sami daular da rediyo ke kira Birtaniya. A ƙidayar 2021 mutanen Ingila sun kai kimanin miliyan 56 da rabi, alhali na daular duka kimanin miliyan 67 ne. Wato cikin kowane mutum 100, wajen 84 a Ingila suke. Saboda wannan rinjaye, mutumin Ingila yakan ce Ingila yana nufin Birtaniya, ya ce Birtaniya yana nufin Ingila, bai ma san ya yi ba. Ɗan Sikotlan da ɗan Wels kuwa ba su taɓa haɗa sunayen nan biyu ba.

Asalinsu

Rumawa sun shiga tsibirin a shekara ta 43 bayan haihuwar Annabi Isa, suka riƙe kudancinsa fiye da shekara 350. Bayan sun janye wajen 410, sai wasu ƙabilu suka riƙa ƙetaro teku daga inda yau ake kira arewacin Jamus da Danmak, wato Angul da Sakson da Jut. Sunan Ingila kansa daga na Angul ya fito, ma'anarsa ƙasar Angul. Ashe Ingilishi na farko baƙi ne da suka zo suka zauna. Kalmar da suka laƙaba wa 'yan ƙasar da suka tarar, wadda ta zama sunan Wels, ma'anarta a tsohon harshensu ita ce baƙo. Baƙo ya zo ya raɗa wa mai gida suna baƙo.

Ba su zama ƙasa ɗaya nan take ba. Ƙananan masarautu suka kafa suna yaƙar juna, irin su Weseks da Mashiya da Notambiriya. Marubutan da kan ƙidaya su bakwai, kamar dai yadda muke cewa Hausa Bakwai. A 731 wani malamin coci mai suna Bede ya kammala littafinsa na tarihin addinin al'ummar Ingilishi, da Latin kuwa ya rubuta shi. Shi ya fara yi musu kallon jama'a ɗaya, kusan shekara 200 kafin su sami sarki ɗaya. Abin da ya haɗa su a aikace shi ne harin mayaƙan Danmak. Sarki Alfred na Weseks, wanda ya yi mulki daga 871 zuwa 899, ya taka musu burki, jikansa Athelstan kuma ya haɗe ƙasar a 927.

Haɗewar ba ta hana baƙi hawa karagar ba. A 1016 Kanut ɗan Danmak ya zama sarkin Ingila. A 1066 Wiliyam na Nomandi ya ƙetaro daga Faransa ya ci ƙasar da yaƙi a Hestins, ya ƙwace gonaki ya raba wa jarumansa. Daga nan har wajen shekara 300 Faransanci ake yi a fada da kotu, Turanci kuwa ya zama harshen talakawa da barori. Har yau a Turanci sunan saniya da tunkiya na tsohon harshen Sakson ne, amma sunan namansu na Faransanci ne, don talaka ke kiwo, basarake ke ci. Dokar 1362 da ta ce a riƙa shari'a da Turanci, ita kanta da Faransanci aka rubuta ta. Taken da ke jikin tambarin gidan sarauta ma har gobe da Faransanci yake.

Abin Da Ya Ƙera Su

To, yaya wannan gauraye ya zama al'umma mai ji da kanta haka? Na ga dalili uku.

Na farko addini. A 1534 Sarki Henri na Takwas ya raba gari da Fafaroma ya mai da kansa shugaban cocin ƙasarsa. Da rundunar jiragen ruwan Sifen, ƙasar 'yan Katolika, ta zo cin Ingila a 1588 ta watse, wasu da wuta wasu da guguwa, sai Ingilishi suka ɗauka cewa Allah ne Ya zaɓe su. Daga nan ɗan Katolika ya zama abin zargi ko da ɗan gida ne. Sai a 1829 aka yarda ya zauna a majalisa, karagar sarauta kuwa har yanzu doka ta hana shi.

Na biyu Faransa. Tsakanin 1689 da 1815 sun gwabza da ita sau da dama. Wata masaniyar tarihi, Linda Colley, ta nuna a littafinta na 1992 cewa addinin Furotesta da yaƙi da Faransa da ribar daula su suka ɗinke Ingila da Sikotlan da Wels. Masu zanen barkwanci na wancan zamani kan zana Bafaranshe a rame, da takalmin katako, yana rawar jiki gaban sarkinsa. Su kuwa sai su zana kansu a siffar Jon Bul, ƙaton mutum mai tumbi, mai cin naman shanu, mai faɗin gaskiya ba kwana-kwana. Wanda ya ƙirƙiro Jon Bul ɗin a 1712, John Arbuthnot, ɗan Sikotlan ne.

Na uku doka da majalisa. Suna alfahari da yarjejeniyar 1215 da ta ɗaure hannun Sarki Jon, da kuma cewa a 1649 sun gurfanar da Sarki Cals na Ɗaya suka fille masa kai. A idonsu su 'ya'ya ne masu 'yanci a tsibirin da teku ya kare, mutanen ƙetare kuwa bayin sarakuna ne.

Amma fa gidan sarautar bai daina zama na baƙi ba. Wiliyam na Uku ɗan Holan ne. Da aka riƙa yi masa gorin asali, sai Daniel Defoe ya wallafa wata waƙa a 1701 yana yi wa masu taƙama da tsarkin jinin Ingilishi ba'a, yana tuna musu cewa su kansu haɗin gambiza ne. A 1714 aka ɗauko Joji na Ɗaya daga Hanoba ta Jamus aka naɗa. Sai a 1917, ana tsakiyar yaƙi da Jamus, gidan ya ajiye sunansa na Jamusanci ya ɗauki Winsa. Waliyyinsu ma, Joji mai jan gicciye a farar tuta, mutumin Gabas ta Tsakiya ne, bai taɓa taka Ingila ba.

Maƙwabta Su Suka Fara Ɗanɗanawa

Kafin Ingilishi su iso gare mu, a kan maƙwabtansu suka koyi mulkin wasu. Sarki Edwad na Ɗaya ya gama cin Wels a 1283, dokar 1536 kuma ta ce Turanci kaɗai za a yi a kotu da ofis. A ƙarni na 19, a wasu makarantun Wels akan rataya wa yaro ɗan katako a wuya idan an ji shi yana harshen uwarsa, shi kuma ya sa kunne ya kama wani ya miƙa masa, wanda katakon ya kwana a wuyansa shi zai sha bulala. 'Yan'uwa, da na karanta wannan sai na ajiye littafin. Wa ya manta da monita da takardarsa ta sunayen masu yin banakula? Ashe abin da aka yi mana an riga an gwada shi a kan fararen fata.

Ta Ailan ta fi muni. Daga 1609 aka riƙa ƙwace filaye a arewacinta ana zaunar da 'yan Furotesta daga Ingila da Sikotlan. A yunwar da ta fara a 1845 kimanin mutum miliyan ɗaya suka mutu, wasu fiye da miliyan suka yi hijira, alhali ƙasar na cikin daular da ta fi kowace arziki a duniya. Jaridun barkwanci na Landan a zamanin Sarauniya Biktoriya kan zana ɗan Ailan da fuskar biri. An haɗe Ailan da Birtaniya a 1801, mafi yawanta ya ɓalle a 1922.

Sikotlan kuwa ba da yaƙi ta shigo ba. A 1603 sarkinta Jemis ya gaji karagar Ingila, a 1707 majalisun biyu suka amince su zama ɗaya, bisa sharaɗin Sikotlan ta riƙe shari'arta da cocinta. Don haka ɗan Sikotlan yana ganin kansa abokin tarayya ne, ba ɗan amshin shata ba. Wannan shi ne abin da malaminmu ke ƙwanƙwasawa da rula.

Ku duba ma waɗanda muke kira Turawan Ingila a tarihinmu. Mungo Park da ya mutu a Busa a 1806 ɗan Sikotlan ne. Haka Clapperton, wanda ya gana da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, ya kuma rasu kusa da Sakkwato a 1827. Barth Bajamushe ne da gwamnatin Birtaniya ta aiko. Ɗan Hausa da ya buɗe makarantar Nassarawa a Kano a 1909 haifaffen Suwizalan ne. Gwamna Lugga kansa a Madaras ta Indiya aka haife shi a 1858.

Su Ne Ma'auni

Wajen 1920 daular Birtaniya ta mallaki kusan rubu'in ƙasar duniya da rubu'in mutanenta. A wannan zamani Ingilishi ba su damu da yawan ambaton sunansu ba, sun narkar da shi cikin Birtaniya da daula. Mai riƙe da akala ba ya bukatar ya yi ta shelar ko shi wane ne. Kan sarkin aika wasiƙa, su suka fara yin sa a 1840, har yau kuwa nasu ba ya ɗauke da sunan ƙasa, sai hoton mai sarauta kawai. Hukumar ƙwallon ƙafarsu da aka kafa a 1863 ba ta da kalmar Ingila a sunanta, sauran ƙasashe ne ke bukatar su bayyana kansu. A taron 1884 a Washintan aka amince layin da ake auna duniya daga kansa ya ratsa Girinic a Landan. Duk sanda muka kama sashen Hausa na BBC, wanda ya fara watsa shiri a 1957, muka ji an ce ƙarfe kaza agogon GMT, to agogon wata unguwa ce ta Landan muke saita namu da shi.

Mai ganin kansa ma'auni yakan tuna alherinsa ya manta ɓarnarsa. Jiragen Birtaniya sun kwashi bayi fiye da miliyan 3 daga Afirka, garuruwa irin su Libaful da Biristol suka yi ƙiba da cinikin. Amma abin da aka koya mana a aji shi ne Wilberforce da dokar hana cinikin bayi ta 1807. Ba a gaya mana cewa da aka soke bautar a dokar 1833, fam miliyan 20 na diyya iyayen gijin bayi aka ba, bayin kuwa ko anini ba su samu ba.

Yadda Suka Kalle Mu

A nan ne na fi ƙaruwa. Mun saba cewa Bature launin fata kawai yake dubawa. Haka ne, amma akwai wani abu tare da shi. David Cannadine ya yi bayani a littafinsa na 2001 cewa Ingilishi sun kalli daularsu da tabaron da suke kallon gidansu, wato tabaron daraja da muƙami. A wancan zamani Ingila ƙasa ce ta hawa-hawa: sarki, sai manyan masu gadon sarauta da ke da majalisarsu ta dattawa, sai masu filaye, sai talakawa. Daga buɗe bakin mutum ake gane gidan da ya fito. Makaranta ɗaya, Eton, wadda aka kafa a 1440, ta yaye firayim minista 20.

Da sojojin Lugga suka ci Kano a Fabrairun 1903 da Sakkwato a Maris, sai jami'ansa suka tarar da sarakuna da hakimai da dagatai da alƙalai da haraji da rubutu. Suka ga abin da suka sani a gida. Ga shi kuma ba su da yawan mutane ko kuɗin da za su yi mulki da kansu. Sai suka yi mulki ta hannun sarakuna, suka jera su daraja ta ɗaya da ta biyu, suka ba kowa sandarsa. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je Ingila a 1921 ya gana da Sarki Joji na Biyar. Aka yi wa Yarima mai jiran gado hawan daba a Kano a 1925, aka yi wa Sarauniya Elizabet a Kaduna a 1956. Kwalejin Katsina da Gwamna Clifford ya buɗe a 1922, a kan tsarin makarantun 'ya'yan manya na Ingila aka gina ta. Gidajen kwana masu gasa da juna, da firfet, da wasan nan na buga ƙwallo a bango da tafin hannu wanda Sardauna ya ƙware a kai, duk daga can aka kwaso su, mu ma muka gada.

Kada dai wannan ya ruɗe mu. An zubar da jini a Burmi a Yulin 1903, inda Sarkin Musulmi Attahiru ya faɗi, an kuma shafe Satiru a 1906. Son da suke yi wa sarki a kan doki bai kai ga ɗan boko mai kwat da ke musu da su cikin harshensu ba, shi wannan mai ɗaga kai ne a wurinsu. Jama'ar da ba ta da manyan sarakuna kuwa, irin ta tsaunukan Filato da kudancin Zariya, can ƙasan tsani suka ajiye ta. Suka ware baƙi 'yan kudu a Sabon Gari, suka bar fili na yadi 440 tsakanin unguwarsu da ta 'yan ƙasa. A littattafansu mu ƙabilu ne, su kuwa al'umma, ko da yake tsibirinsu na da nasa ƙabilun da harsunan da tsofaffin gabar. Laifi tudu ne, ka take naka ka hango na wani.

Da na je kwas Lids a shekarun 1980 na ga ɗayan gefen, kamar yadda Malam Abubakar Imam ya gani a tafiyarsa ta 1943 da ya ba da labarinta a Tafiya Mabuɗin Ilmi. Na ga Bature na shara, na ga Bature na bara. Na ga mutane masu bin layi ba ɗan sanda, masu cika alkawarin lokaci, masu iya yi wa kansu dariya. Na kuma zauna wata tara kusa da wani dattijo da kullum sai ya gaishe ni ya yi mini zancen ruwan sama, amma ban taɓa ganin cikin falonsa ba. Daga baya na gane maƙwabcinsa farar fata ma bai taɓa gani ba.

Bayan Daula Ta Watse

Labarin da Ingilishi suka fi so game da kansu shi ne na 1940, wai sun tsaya su kaɗai gaban Hitila. Jaruntaka kam sun yi, amma ba su kaɗai ba ne. Indiya ta ba da soja kimanin miliyan 2 da rabi, iyayenmu kuma sun yi yaƙin Bama a runduna ta 81 da ta 82 ta Afirka ta Yamma. Bayan yaƙin sai daular ta riƙa zarewa: Indiya a 1947, kunyar Suwez a 1956, Gana a 1957, mu a 1960.

Sai kuma daular ta biyo su gida. Dokar 1948 ta ba mutanen ƙasashen da suke mulka damar zama a Birtaniya, a Yunin shekarar kuma jirgin Windrush ya sauke ɗaruruwan mutanen Karebiyan da aka koya wa cewa Ingila uwa ce. Suka tarar uwar ba ta san su ba. A 1962 aka fara rufe ƙofa, a 1968 ɗan majalisa Enoch Powell ya yi jawabinsa na ƙin baƙi a Bamingham, garin da aka haifi jikata. A 2018 ta bayyana cewa an tsare wasu daga cikin tsofaffin nan, an ma kori wasu, bayan sun shekara kusan 50 a ƙasar, har ministar cikin gida ta yi murabus.

Ta ɗaya gefen kuma maƙwabta suka fara karɓar nasu. A 1999 Sikotlan da Wels suka sami majalisunsu, Ingila kuwa ba ta da tata, ba ta ma da taken ƙasa nata na kanta. A nan ne Ingilishi suka fara tambayar da suka daɗe ba su yi ba: mu su wane ne? Masu kallon ƙwallo za su iya shaida. A wasan ƙarshe na kofin duniya na 1966 tutar Birtaniya ce ta fi yawa a filin Wembili, amma a gasar Turai ta 1996 farar tuta mai jan gicciye ta mamaye ko'ina. A 2014 Sikotlan ta yi ƙuri'ar ɓallewa, kashi 55 suka ce a zauna, 45 suka ce a tafi. A 2016 aka yi ta fita daga Tarayyar Turai, wadda suka shiga a 1973. Ingila ta ce a fita da kashi 53, Sikotlan ta ce a zauna da kashi 62, rinjayen Ingila ya ja kowa waje a Janairun 2020.

Gardamar ba ta ƙare ba. A 2021 Bukayo Saka, wanda iyayensa 'yan Nijeriya ne, ya ɓarar da fenariti a wasan ƙarshe na gasar Turai, wasu suka yi masa zagin launin fata, wasu dubbai kuma suka tashi suka kare shi a matsayin ɗansu. Ƙasar da ta yi wannan ita ce ta zaɓi Sadiq Khan, Musulmi, magajin garin Landan a 2016. A cikinta Rishi Sunak ya zama firayim minista a 2022, Kemi Badenoch da ta tashi a Legas kuma ta zama shugabar jam'iyyar 'yan mazan jiya a 2024.

Amsar Da Na Bayar

Na kira jikata a waya na ce, "Amarya, ga amsarki. Babu wani fasfo na Ingila a duniya, ita ma ƙawar taki na Birtaniya gare ta. Sunan Ingilishi kuwa riga ce da baƙi suka ɗinka, baƙi suka yi ta sawa, daga Sakson zuwa mutanen Danmak da Nomandi da 'yan gudun hijirar Faransa da Yahudawa da mutanen Ailan. A can aka haife ki, harshen Bamingham ne a bakinki, in kina so ki sa rigar, ki sa, kada ki jira izinin kowa. Wasu za su yi gunaguni, kamar yadda aka yi wa waɗanda suka riga ki. Amma ki riƙe Hausarki, don kowa ya bar gida, gida ya bar shi." Na ƙara mata da cewa mu ma haka muke. Wanda ya zaga Kano ya ga Zangon Barebari da Tudun Nufawa da Ayagi ya san Bahaushe ba daga tsatso ɗaya ya fito ba.

Saura tamu, 'yan'uwa. Mukan ce Nijeriya ba ƙasa ba ce tunda Lugga ne ya haɗa ta a 1914. To, Ingila takobi ya haɗa ta a 927, Birtaniya kuwa manya ne suka ƙulla ta a 1707, ga shi bayan shekara fiye da 300 suna ta jayayya a kan ko za su ci gaba da zama tare. Abin da ya fi ci wa ƙananan abokan zamansu rai shi ne babban yaya da ke kiran gidan duka da sunansa. Mu da muke da rinjaye a Arewa, mu tambayi kanmu. A ɗakunan kwananmu akwai Bajju da Angas da Tibi da Bacama da Barebari. Sau nawa aka kira su Hausawa a gabanmu muka yi shiru, muna ganin ai ba komai, har ma muna ganin an girmama su? Sau nawa muka koyi gaisuwa ɗaya tak cikin harshensu, su da suka iya namu kamar jakin Kano?

Malaminmu na labarin ƙasa, in yana raye Allah Ya ƙara masa lafiya. Dariyar da muka yi masa ran nan, mu ne ba mu gane ba. Abokan karatunmu da muka yi wa irin wannan ba da sani ba, ku yafe mana, in Allah Ya kai mu taron bana kuma kowa ya zo da shirin koya mini gaisuwar garinsu. Allah Ya bar zumunci, Ya albarkaci makarantarmu da zuriyarmu baki ɗaya, amin.